Karatun Zanen Wasannin Kwamfuta: Kafin A Sayar Da Riɗin Bana

A ranar 29 ga Satumba 2025 aka ba da sanarwar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, da haɗin gwiwar wasu kamfanonin Amurka biyu, zai sayi kamfanin Electronic Arts kan dala biliyan 55. Ko ba ka san sunan ba, ka san hajarsu. Su ne masu wasan ƙwallon nan da aka daɗe ana kira FIFA, yanzu FC, wanda samarinmu ke cika shagunan PlayStation a kansa har dare ya raba. Ƙasar da kakanninmu suka tako da ƙafa daga yamma don su isa, wadda samarin Gadarif da yawa ke mafarkin samun iƙama a cikinta, ita ce yau ke zuba dukiya a harkar da mu muke kira wasan yara.

Labarin ya zo a daidai lokacin da gidaje ke zaman shawara kan makomar 'ya'ya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya cunkushe ɗalibai wuri guda. 'Yan ajin 2023 ba su zauna jarrabawar shahada ba sai ƙarshen Disamba 2024, na bayansu kuma suka zauna a ƙarshen Yuni 2025. Ga shi kaka ta yi, ana yankan riɗi, lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi sau ɗaya a shekara. A irin wannan zama ne za ka ji yaro ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ni fa zanen gem nake so in karanta, akwai wata kulliya a Masar." Wani ya ce Dubai, wani Maleshiya. Wani uban zai ce masa ya tashi ya ba shi wuri. Wani kuma, da yake ya ji labarin biliyoyin Saudiyya, sai ya fara lissafin buhu nawa zai kai kasuwar amfanin gona. Dukansu biyu suna iya yin asara: na farko ya binne baiwar ɗansa, na biyu ya zubar da gumin shekara. Sana'ar ta gaskiya ce, ana cin abinci da ita. Amma cikin abubuwan da ake bukata kafin a kai ga cin abincin, takardar da ke ɗauke da sunan kwas ɗin ita ce ta ƙarshe a daraja, kuma ita ce mafi tsada.

Mene ne aikin tukuna?

Da yawa cikin masu cewa suna son wannan karatu, abin da suka iya shi ne buga wasan. To, iya cin tuwo daban, iya tuƙa shi daban. Wanda ya kwana yana PUBG bai matsa ko taku ɗaya zuwa ga ƙera ta ba.

Duk abin da ido ke gani a cikin wasa, wani ne ya zauna ya yi shi. Akwai mai zanen farko, wanda ake gaya wa labari da baki ya fitar da kamannin jarumi ko gari a kan takarda. Akwai mai ɗaukar wannan zane ya gina shi a kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri, yadda za a iya juya shi ta kowane ɓangare, abin da ake kira 3D. Bayansa sai mai yi wa siffar fata, wato ya sa ƙarfe ya yi tsatsa, yadi ya yi laushi, bangon laka ya tsattsage. Sai mai dasa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi, sannan mai motsa ta, wanda dole ya san yadda nauyin mutum ke komawa kan ƙafa ɗaya idan yana tafiya. Akwai masu gina muhalli, masu haske da inuwa, masu hayaƙi da ƙura da ruwa, da masu tsara maɓallai da rubutun da ke kan allo. A babban wasa ɗaruruwan mutane ne ke wannan aiki shekaru da dama, kowa da ɗan yankinsa. Wani zai shekara biyu bai yi komai ba sai duwatsu da bishiyoyi.

Ƙarƙashin duk wannan akwai ilimin da bai canza ba tun kafin a ƙirƙiro kwamfuta: sanin yadda abu ke ƙanƙancewa idan ya yi nisa, yadda haske ke sauka, tsarin jikin mutum da dabba, haɗin launi. Akwai kuma lissafi, musamman handasa, da Turanci, domin kusan duk darussan da umarnin aiki da shi suke zuwa. Yaron da ke son ya gudu zuwa zane don ya tsere wa lissafi da Turanci, a gaya masa tun yanzu cewa suna can suna jiransa.

Kasuwa mai kuɗi, mai korar ma'aikata

Babu musu, kasuwar babba ce. Kuɗin da duniya ke kashewa a wasannin nan ya haura dala biliyan 180 a shekara, kusan rabinsa kuma daga wayar hannu yake fitowa. Saudiyya ta fitar da tsarinta na ƙasa a Satumba 2022, inda ta ce tana son samar da ayyuka 39,000 a wannan fanni kafin 2030, ta kuma ware riyal biliyan 142 ta hannun kamfaninta Savvy. A 2023 Savvy ya sayi kamfanin Scopely na Amurka kan dala biliyan 4.9. A 2024 Riyad ta karɓi gasar duniya ta wasannin kwamfuta da kyautar da ta wuce dala miliyan 60.

Sai dai mai talla ba ya faɗin ɗaya gefen. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka yi korar ma'aikata mafi muni a tarihin sana'ar. Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard kan kusan dala biliyan 69 a Oktoba 2023, kafin Janairu 2024 ya ƙare ya sallami mutum 1,900. A wannan watan kamfanin Unity ya rage kusan 1,800, Riot ya rage 530. A Fabrairu Sony ya rage 900. Kafin su, Epic, masu Fortnite, sun sallami kusan 830 a Satumba 2023. Jimilla an kori sama da mutum 10,000 a 2023, aka kuma zarce haka a 2024. Waɗannan fa ƙwararru ne masu shekaru a bakin aiki, suna zaune a biranen da kamfanonin suke, kuma da su sabon ɗalibi zai yi gogayya. Ko cinikin Electronic Arts ɗin, dala biliyan 20 daga ciki bashi ne. Kamfanin da aka ɗora wa bashi irin wannan, takardar albashi yake fara buɗewa.

Ga kuma ƙirƙirarriyar basira. Tun 2022 manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion ke fitar da hoto cikin daƙiƙu idan ka rubuta musu abin da kake so. A Disamba 2022 masu zane suka yi bore a dandalin ArtStation, inda suke baje ayyukansu, saboda an horar da injunan da zanensu ba tare da izini ba. Masu yi wa wasanni murya da motsi a Amurka sun shiga yajin aiki a Yuli 2024 kan wannan batu, suka kusa shekara a ciki. Inda injin ya fi cizo shi ne ƙananan ayyukan da a da sabon shiga ke koyon hannu da su. Wanda ya tsira shi ne mai ido, wanda zai kalli abin da injin ya fitar ya ce hannun nan ya karkace, rawanin nan ba haka ake naɗa shi ba, ya kuma gyara.

Har ila yau, biliyoyin Saudiyya mafi yawansu sayen kamfanonin da ke Amurka da Turai aka yi da su, ma'aikatan suna can inda suke. Ayyukan da za a buɗe a Riyad kuwa, kowa a nan ya san dokar fifita ɗan ƙasa. Baƙon da za a ɗauka shi ne wanda ya zo da ƙwarewar da ba a samu a gida ba.

Makarantun da suka rufe da kuɗin mutane

Akwai makarantun ƙwarai. Jami'ar Abertay da ke garin Dandi a Sukotlan ita ta fara ba da digiri a wasannin kwamfuta a 1997, kuma ba banza ba, a garin ne kamfanin da ya ƙirƙiro Grand Theft Auto ya tashi. DigiPen tana Redmond ta Amurka, garin da Microsoft da reshen Nintendo suke. A nahiyarmu, cibiyar ADMI ta Nairobi ta haɗa gwiwa da makarantar Rubika ta Faransa. Ka lura da abu ɗaya: makarantar kirki tana kusa da masana'anta, malamanta sun yi aikin da hannunsu, ɗalibanta suna samun wurin gwaji kafin su gama.

Akwai kuma ɗaya nau'in. A Amurka an yi jerin kwalejoji masu zaman kansu da ake kira Art Institutes, masu rassa a birane da dama, cikin kwasa-kwasansu har da zanen wasanni. Sun yi shekaru suna talla da alƙawarin aiki. A ranar 30 ga Satumba 2023 ragowar rassansu suka rufe, bayan sanarwar 'yan kwanaki kawai. A Mayu 2024 gwamnatin Amurka ta yafe bashin karatu na dala biliyan 6.1 ga tsofaffin ɗalibansu kusan 317,000, bayan bincike ya nuna an yaudare su kan yawan masu samun aiki da albashinsu. Can akwai gwamnatin da ta yafe. Manomin da ya sayar da riɗinsa a Gadarif ya tura dala waje, wa zai mayar masa? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin da ya sa takarda ba ta da nauyi a nan mai sauƙi ne. Likita ba ya taɓa marar lafiya sai da shahada da rajista, lauya ma haka. Mai zane kuwa, abin da ake fara tambayarsa shi ne kundin ayyukansa. Mai ɗaukar aiki zai buɗe hotuna goma, cikin minti biyu ya yanke hukunci, sau da yawa bai ma duba sunan makaranta ba. Daga nan za su ba ka gwaji, su ce ga wannan, kawo nan da mako guda. Digiri yana da amfaninsa wajen neman biza da aikin gwamnati da koyarwa, shi ya sa ba za a ce a bar jami'a ba. Amma digirin da ya fi amfani shi ne mai faɗi, wanda in ƙofar wasanni ta rufe zai buɗe wata.

Abin da ke gabanmu a Sudan

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a harkar zane. Kulliyar zane-zane da ke Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha a Khartum ta samo asali tun tsakiyar shekarun 1940, kuma tana da sassan tsara hoto da rubutu, fenti, sassaƙa, zanen yadi da kyautata rubutun Larabci. Daga cikinta aka sami Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin allo daga Omdurman, wanda gidan tarihin Tate Modern na Landan ya baje ayyukansa a 2013, da Ahmad Shibrain, da Kamala Ibrahim Ishaq. Daga nan Sharhabil Ahmad ya fito, wanda ya daɗe yana zana Ammak Tango a mujallar yara ta Al-Sibyan, wadda aka fara bugawa tun 1946. Iyayenmu da suka yi makaranta sun tashi da wannan mujalla. Shiga kulliyar yana bukatar gwajin iya zane bayan sakamakon shahada, wanda kansa alama ce ta makarantar da ta san abin da take yi. A nan gida kuma Jami'ar Gadarif tana da kulliyar ilimin kwamfuta. Waɗannan hanyoyi biyu, da ta uku wato zanen gine-gine, su ne mafi kusa da abin da yaran ke nema, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na waje ba.

Amma a faɗi gaskiya, yaƙi ya daki wannan fanni fiye da wasu. Jami'o'in Khartum sun watse, karatu ya koma ta intanet da cibiyoyi na wucin gadi a jihohi, yanzu ne ake lallaɓawa ana komawa bayan sojoji sun karɓe birnin a Maris 2025. Tarihi ko fiƙihu ana iya karanta su ta WhatsApp. Sassaƙa da fenti kuwa suna son ɗaki da kayan aiki da malami a tsaye a kanka.

Sai matsaloli uku da duk mai son aiki da kwamfuta daga Gadarif zai ci karo da su. Na farko kahraba. Kowa ya tuna duhun da aka shiga a Janairu 2025 lokacin da jirage marasa matuƙa suka kai hari tashar wuta ta Shuwak, ban da yankewar yau da kullum. Kwamfutar da ke iya ɗaukar aikin 3D mai cin wuta ce, ba ta yini a kan batir. Na biyu shabaka. A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, ƙasa ta yi makonni a rufe. Wanda ya karɓi aiki daga waje da wa'adin kwana bakwai, uzurin yaƙi ba zai dawo masa da abokin ciniki ba. Na uku, wanda aka fi mantawa, yadda kuɗi zai iso. An ɗage takunkumin Amurka a Oktoba 2017, aka cire Sudan daga jerin masu tallafa wa ta'addanci a Disamba 2020, amma har yau PayPal ba ya aiki a nan, kuma yawancin masu aikin intanet sai sun bi ta hannun ɗan'uwa a Saudiyya ko Imarat ya karɓa, ya turo ta Bankak. Ga darajar kuɗi: kafin yaƙi dala tana wajen jine 600, yanzu ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Kuɗin makarantar waje ya ninka sau biyar a kan uba, amma dala ɗari da yaro zai samu daga zane ita ma ta ninka sau biyar a gida.

A gefen alheri, kayan aikin sun zama kyauta. Manhajar Blender, wadda wata gidauniya a Amsterdam ke kula da ita, ba a biyan ko sisi. Da ita wani ƙaramin ayari daga Latbiya ya yi fim ɗin Flow, wanda ya ci kyautar Oscar a Maris 2025, ya doke manyan kamfanonin Amurka. Krita ta zane kyauta ce, Godot ta haɗa wasa ma haka. Kuma muna da misali a maƙwabta. Lual Mayen ɗan Sudan ta Kudu ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara dala 300 ta saya masa kwamfuta, yana tafiyar sa'o'i a ƙafa don ya yi mata caji, ya koya wa kansa, ya yi wasan Salaam kan zaman lafiya, aka karrama shi a bikin Game Awards na 2018. A Habasha, ƙetaren Gallabat, kamfanin Qene ya yi wasan Kukulu, ya kuma ɗauki wasan gargajiya na ramuka da tsakuwa ya mayar da shi Gebeta a waya. A Kamaru kamfanin Kiro'o ya fitar da Aurion a 2016. A Legas kamfanin Maliyo ya yi wasa tare da Disney. Sai dai kada a ɗauki waɗannan a matsayin alƙawari. Ana ba da labarinsu ne saboda ba su da yawa.

Maganar hoto a addini

Uba mai tsoron Allah zai yi tambaya kan hoto, kuma tambayarsa tana kan hanya, domin hadisan da suka yi gargaɗi ga masu suranta abu mai rai ingantattu ne. Abin da ya kamata a sani shi ne malamai sun yi bayani dalla-dalla. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da mafi yawan mutanen Sudan muke kai, an haramta siffa mai inuwa, wato mutum-mutumi cikakke na mutum ko dabba. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi kuwa an ajiye shi a matakin karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. An yi rangwame kan 'yar tsanar yara mata. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, malaman zamani kuma sun yi saɓani kan hoton da ke kan allon waya, wanda haske ne da ke ɓacewa idan an kashe. Abin da babu saɓani a kansa shi ne halaccin zanen bishiya, gini, dutse, mota, da ado. Kamar yadda aka gani a sama, babban kaso na aikin wasanni ke nan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen mai rai ba, zai iya ƙwarewa a muhalli ko tsara allo ya yi rayuwarsa a nan. Kowane gida ya zauna da malaminsa, amma a kai wa malamin bayanin aikin yadda yake, kada a ce masa "wasa" kawai.

Inda haɗarin ya fi girma ma wani wuri ne. Wasanni da yawa suna samun kuɗinsu ta akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa wannan caca ce. Cikin ayyukan da ake tallatawa ga masu zane a intanet, akwai na kamfanonin caca zalla da na tsiraici, kuma sukan biya da kyau. Yaron da zai shiga kasuwar nan yana bukatar tarbiyyar da zai iya cewa a'a alhali aljihunsa babu komai.

An riga an zana mu

A Agusta 2021 aka ƙara wa wasan Age of Empires III wani sashe mai suna The African Royals. Al'ummu biyu aka saka a ciki: Habashawa da Hausawa. Birnin Hausawa a wasan Kano ne, jagorarsu Sarauniya Amina, cikin mayaƙansu har da barade masu lifidi. Tun 2017 kuma wasan Civilization VI ya saka Nubiya da sarauniya Amanitore da dalar Marawi. A 2023 wani reshen Ubisoft a Faransa ya gina Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa a cikin Assassin's Creed Mirage. Ma'ana, ko mun shiga ko ba mu shiga ba, ana zana mu, kuma miliyoyin yara a duniya daga nan suke fara sanin kamanninmu. Mu da muka san abin da mummunar siffa ke jawo wa al'umma, musamman bayan abin da ya faru a Nilu Shuɗi a 2022, bai kamata mu raina wanda ke riƙe da alƙalamin zane ba.

Kuma a nan ne ɗanmu yake da abin da ɗan Landan ba shi da shi. Zayyanar allo da ake yi wa mai sauka, wadda 'yan'uwanmu a halwa ke kira sharafa, ita ce rijiyar da su Shibrain suka sha daga gare ta. Aska takwas a gaban babbar riga, ɗinkin hula, adon bangon soro, dagi, zanen ƙwarya, ƙunshin da mata ke yi wa amarya, duk ilimin tsari da daidaito ne. Yarinyar da ke zana lalle ba ta ɗaga hannu ba ta riga ta mallaki abin da ake wata shida ana koyarwa a kulliya, kuma wannan sana'a ce da za ta iya yi daga ɗakinta. Dara da sija da langa, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, tafiyar alhazai daga Sakkwato zuwa Mai Wurno zuwa Sawakin, duk kaya ne da ba a taɓa ba. Kundin da ya zo da rumbu da gutiyya da kasuwar raƙuma zai tsaya a idon mai dubawa, bayan ya gaji da ganin jarumin Turai na dubu.

To, yaya za a yi?

Shawara ga iyaye ita ce gwaji kafin kashe kuɗi. A ba yaro wata shida da fensir da littafi. Ya zana abin da ke gabansa kullum: buta, keken jaki, hannun kakarsa, masallacin unguwa daga kusurwa uku. Mai baiwa zai cika littafi biyar ba a ce masa yi ba, wanda sha'awar gem ce kawai ke ɗibarsa zai gaji kafin wata ya ƙare. In ya ci wannan, a saya masa kwamfuta ta hannu, ko da wadda aka yi amfani da ita ce, da ƙaramin allon zane, kuɗin bai kai na zango ɗaya a waje ba. Ya nemi gurbi a jami'ar gwamnati a zane, ko kwamfuta, ko gine-gine, ya riƙa gina kundinsa a gefe. Duk watan Janairu ana yin Global Game Jam, inda matasa a faɗin duniya ke haɗuwa su ƙera ƙaramin wasa cikin sa'o'i 48. Mutum uku, mai zane da mai rubuta manhaja da mai labari, sun isa ayari.

In kuwa har an nace sai waje, kada a yi cinikin biri a sama. A tambayi makarantar: ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Sudan ta amince da shahadarku? Malamanku wane wasa suka taɓa yi? Ku nuna mana ayyukan ɗaliban da suka gama bara, kuma ina suke aiki yanzu? Makarantar da ta amsa da hoton gini da kujeru masu kyau, a rufe waya.

Ya kamata kuma yaro ya san cewa hannun da ya koyi wannan aiki ba wasanni kaɗai yake ci ba, kuma kasuwarsa ta farko tana nan kusa. Jiharmu tana fama da kala'azar da zazzaɓin dengi, kwalara ma a nan aka fara shelanta ta a Satumba 2023. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Um Rakuba da Tunaidba da matsugunan waɗanda suka baro Khartum da Madani kullum suna bukatar hoto da gajeren bidiyo da zai isar da saƙo ga wanda bai iya karatu ba, da Larabci da Hausa da Tigrinya. Mai matsar man riɗi yana bukatar tambari da kwali. Injiniyoyin da za su sake gina Khartum suna bukatar mai nuna gini kafin a aza tubali. Littattafan firamare suna bukatar mai zane. Daga irin waɗannan ake tara kuɗin sola da gogewa, kafin a miƙa hannu waje.

Akwai nauyi a kanmu malaman makaranta ma. Darasin zane shi ne na farko da ake yankawa idan lokaci ya ƙure, balle yanzu da ake tseren cike gurbin shekarun da azuzuwa suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaron da aka kama yana zane a bayan littafin lissafi, bulala yake sha. Da za a karɓi littafin a duba, a ce masa gobe ka zana mana zuciya da huhu a allo don darasin kimiyya, da an sami mai zane an kuma sami darasi. Ƙungiyoyinmu na unguwa da masu hali cikinmu, da ke iya tara kuɗin gasar ƙwallo, za su iya haɗa ɗaki ɗaya mai sola da kwamfuta biyar, a raba lokaci tsakanin maza da mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma kuɗin tura yaro ɗaya waje zai ishi yara talatin a irin wannan ɗaki.

Biliyoyin Riyad ba za su zo Gadarif neman kowa ba. Wanda za a nema shi ne wanda aikinsa ya riga shi isa. Saboda haka riɗin bana a ci, a biya bashi, a ajiye iri, a sayi fensir da takarda. In shekara ta zagayo littattafan sun cika, a sake zama. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, Ya sanya albarka a hannun 'ya'yanmu.